Barcin da Baba Yake Yi da Yamma

Ni dai tun ranar farko ban yarda da wurin nan ba. Gidan jinya ne na mutanen da likitoci suka sallama, waɗanda aka ce magani ya ƙare a kansu, saura lallaɓawa. Ba a yi wa kowa aiki a can, ba a neman waraka. Abin da suke yi kawai su danne wa mutum zafin ciwo, su yi masa wanka, su juya shi a gado, su yi masa hira, su jira. Ni kuwa wallahi jira ba ya cikin halina.

Ni ce babba a gidanmu. Baba ne ya sa mini suna Lauya tun ina 'yar firamare, wai ko sannu aka ce mini sai na nemi dalili. Ban zama lauyar ba. Motocin dakon kaya nake tsarawa a wani kamfani, in ce wannan direba ya bi nan, wancan ya juyo daga can, kuma ba a cika yi mini gardama ba. A gida ma haka abin yake. Ba ni da ƙanne sai ɗaya, Auta, ƙato ne mai mata da 'ya'ya, amma in na ɗaga murya har yau rasa inda zai sa kansa yake yi.

Ciwon daji ne ya kama Baba, ya fara daga hanji ya kai hanta. Na yi tafiyar aiki ne, kafin in dawo Mama da Auta sun amince an mai da shi can. Ranar na yi faɗa har muryata ta dishe. Da na ga aikin gama ya gama, sai na kafa doka: kada wanda ya kuskura ya ambaci mutuwa a gaban Baba, kuma zaman nan na wucin gadi ne kafin in samo likitan da ya san abin da yake yi. Mama ta dubi ƙasa. Auta ya ce, "To, Yaya."

Kullum in na tashi daga aiki da yamma can nake wucewa, kuma ban taɓa zuwa hannu rabbana ba. Yau garin ƙarin ƙarfi, gobe wani mai da aka ce yana kashe ciwon, jibi hoton wani asibiti a waya. In na shiga sai in yaye labule in ce, "Baba, tashi zaune, kwanciyar nan ita ke ƙara kashe maka jiki." Ya ce, "To, Lauya." In ce ya ƙara cokali ɗaya. "To, Lauya." Akwai ranar da na riƙe shi muka zagaya baranda har ƙarshe muka dawo, ina ta murna ina gaya wa duk wanda muka haɗu da shi cewa Babana ya fara takawa.

Ana nan sai ya fara barci.

Da farko na ɗauka gajiya ce. Amma yau barci, gobe barci, har abin ya shiga makonni. In zo in tarar da shi kwance a gefe guda, baki a ɗan buɗe, hannuwan nan nasa a yashe a kan zanen gado. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya ko abinci yake ci. In kira shi, in girgiza kafaɗarsa, iyaka ya ɗan motsa leɓe. Wani lokaci Mama takan biyo ni, ta zauna a kujera ta haɗa tagumi. Da safe ba ta iya zuwa, a cewarta, don tana zuwa gashin gwiwa.

Ba abin da nake nema a duniya irin Baba ya buɗe ido ya yi mini magana. Ko faɗa ne. Tsoron da ke hana ni sakat shi ne ya tafi a cikin barcin nan, in zama ban ƙara jin muryarsa ba.

Na tare nas ɗin yamma, wata 'yar siririya mai sanyin magana, na ce, "Me kuke ɗura wa ubana?"

Ta ce maganin zafin ciwo ne, kuma yana sa barci, haka yake a cikin tsarin kula da shi.

"Wa ya tsara?"

"Anti, gara ki ga babbar nas. Da safe take nan."

Na san babbar nas ɗin, mun taɓa haɗuwa wata rana da yamma. Wata mai farin gilashi ce da kowa ke kira Sista, ba ta gaggawa ko gobara ake yi. Ta sha kirana a waya tana cewa in samu lokaci in zo mu zauna da ita da Baba a yi maganar yadda yake so a kula da shi. Abin da na ce mata na ƙarshe shi ne, ba ni da lokacin zaman tsara mutuwar ubana. Daga nan na daina ɗaukar wayarta.

A raina na riga na yanke hukunci. Na ce waɗannan mutane kwantar da tsofaffi suke yi da magani don su samu su miƙe ƙafa su danna waya. Na shiga na fita har na samo wani likita a wani asibitin kuɗi da ya ce in kawo shi ya gani, akwai wata sabuwar allura da za a iya gwadawa. Ban shawarci kowa ba. Samo mota kuwa ai sana'ata ce. Na ɗauki hutun rabin yini, na samo motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikata biyu da gadon turawa, muka dira a ƙofar gidan jinyar da hantsi.

Ban taɓa ganin wurin da safe ba. An bubbuɗe tagogi, ana ta goge ƙasa, ƙamshin sabulu ya cika barandar. Ina gaba, masu gado suna bina, ina ta haɗa maganganun da zan zazzage wa Sista. Muna kusa da ɗakin Baba sai na ji ƙarar rediyo irin ta lokacin da ake neman tasha, tana shuu tana katsewa. Sai kuma na ji dariya.

Na tsaya cak, har gadon ya buge ni a baya.

Dariyar Baba ce. Irin tasa ta ainihi, wadda take ƙarewa da tari.

Ƙofar a ɗan buɗe take. Na tura ta da yatsa. Ga Baba nan zaune, an tokare masa baya da matasai, an yi masa aski, tabarau ya zamo masa kan hanci. A kan teburin da ake turo masa abinci ga wata tsohuwar rediyo an buɗe mata ciki, sukudireba a hannunsa. Hannun da jiya na ɗaga ya faɗi kamar tsumma. A gefen gado, a ƙasa, ga akwatin kayan aikinsa na ƙarfe, wanda ni da kaina na kulle a sito a gida na ce ba zai ƙara wahalar da kansa ba. Mutum ɗaya ne ke da mabuɗin siton bayan ni, Auta.

Kuma ga Mama. Mama mai gashin gwiwa. Ta ɗare gefen gado ta naɗe ƙafa ɗaya, ta buɗe tafin hannu cike da ƙananan notuka.

Baba yana cewa, "Manaja, kin sake zubar mini da ɗaya. Zan kore ki daga aikin nan, wallahi."

Mama ta ce, "Ka kore ni mana, in ga wanda zai yi maka kyauta."

Sai ta ɗago ta gan ni. Notukan suka watse a kan zanen gado.

Innalillahi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.  Na dubi Baba, na dubi rediyon, na dubi kofin shayin da aka sha rabi. Abin da ya fara fita daga bakina ma wauta ce.

Na ce, "Mama, ina gwiwar?"



Baba ya cire tabarau a hankali ya ce, "Lauya. Yau ba aiki?"

"Baba, yaushe ka farfaɗo?"

"Ai da ma ban suma ba."

"Kullum haka kake da safe?"

Ya ce, "Wata rana har na fi haka."

Kafin in sake magana idonsa ya wuce ni, ya sauka a kan mutanen da ke bayana da gadonsu mai taya da bargo a ninke. Na ga fuskarsa ta sauya. Ba fushi ba ne. Duk hasken da na tarar ne ya janye, tsufan ya dawo masa gaba ɗaya. Ya ajiye sukudireba a kan tebur.

"Ina za mu?"

Na ce, "Na samo wani likita, Baba. Ya ce akwai wata allura..." 

Ya dubi rediyon. Sannan ya ce, "To, Lauya." Ya juya wurin Mama. "Manaja, haɗa mini kayana. Rediyon nan ta tsohon da ke ɗakin gaba ce, a mayar masa, a ce ya yi haƙuri ban ƙarasa ba."

Tun da nake ban taɓa jin Mama ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta diro daga gadon, da gwiwar tata lafiya lau, ta tsaya tsakanina da shi.

"Ba inda za shi! Kin ji ni? Ba inda za shi! Haba, yarinyar nan, ki bar bawan Allah ya huta mana! Kai kuma," ta juya kansa, "har yanzu 'to' ɗin za ka ce? Har a kan wannan?"

 Masu gado suka fara ja da baya a hankali. A daidai nan Sista ta shigo, da tafiyarta ta marar gaggawa. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa mutanena su ɗan jira a waje, ta mai da ƙofa ta rufe.

Ganinta ya dawo mini da bakina. Na ce, "Yauwa, ke nake nema. Zo mu fita waje ki gaya mini abin da kuke aikatawa a wurin nan."

Ta ce, "A nan ba ma maganar mutum a bayan idonsa, Anti. Ga shi nan, da ransa da hankalinsa." Ta matsa kusa da gadon ta ɗan sunkuya. "Baba, kai za ka yi mata bayani, ko ka ba ni izini in yi?"

Baba ya ce, "Yi mata, Sista. Ni ba na iya mata."

Ta jawo mini kujera. Na ƙi zama. Ita ta zauna abinta.

Ta ce duk wanda aka kawo musu sai sun zauna da shi sun tambaye shi abin da yake so, da abin da yake tsoro, da wanda yake so a kusa da shi. A kan amsarsa ake tsara komai, lokacin wanka, lokacin magani, har ɓangaren da zai kwanta. Ta ce ciwon Baba da yamma yake tashi, kuma maganin da ke iya danne shi yana zuwa da barci. Ƙarfin da ya rage masa a yini ɗan kaɗan ne, ba zai kai daga safe har dare ba.

"Sai muka ba shi zaɓi, ni da likita. Ana iya rarraba maganin, ya wuni ido biyu amma a galabaice, ciwon yana cizonsa kaɗan-kaɗan, ya ga baƙin safe ya ga na yamma. Ko kuma a tattara masa ƙarfin a wuri ɗaya, ya samu safiya mai kyau, da yamma a ba shi mai ƙarfin ya yi barci. Shi ya zaɓa."

Na ce, "Ya san da yamma nake zuwa?"

"Na tambaye shi wannan."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya sani."

Sai na zauna. 

Sista ta ce, "Duk lokacin da muka sake duba tsarin sai na ƙara tambayarsa ko a canza, ko in gaya miki. Ya ce a bari tukuna. Maganarsa ce, ba ni da ikon fitar da ita. Abin da zan iya shi ne in yi ta kiranki ki zo mu zauna tare."

Wato duk fushin nan da nake ɗauke da shi, duk zagin da na yi wa matan nan a zuci, ashe babu wanda ya cuci Baba. Ashe gida guda an san yana tashi, yana shan shayi, yana tsokanar Mama. Auta ya sani. Matar Auta ma na tabbata ta sani. Tsohon da ke ɗakin gaba ya sani. Ni kaɗai aka ware wa barcin.

Na juya na dube shi. "Baba, ni kake gudu?"

Ya girgiza kai. "Ba ke nake gudu ba. 'To' ɗin nan nake gudu."

"Ban gane ba."

"Tun kina 'yar mitsitsiya ban iya ce miki a'a ba, kowa ya san wannan. In kin ce in tashi, sai na tashi. In kin ce in ci, sai na ci, ko da zan amayar bayan kin tafi. Ranar da kika zagaya da ni barandar nan, washegari ko cokali ban iya ɗagawa ba, tambayi uwarki. Kuma in kin shigo da ledarki kina cewa zan warke, dole in gyara fuska in ce in sha Allah. Aikin nan ya fi ciwon gajiyar da ni, Lauya." Ya tsaya ya huta. "Na san in ina farke wata rana za ki zo da mota. Kuma na san zan shiga."

Na ce, "Don in cece ka ne, Baba."

"Na sani. Shi ya sa ba na iya miki musu." Ya miƙo hannu ya dafa nawa. Hannun da ɗumi, da ƙarfinsa. "Mutuwa zan yi, Lauya. Ba da daɗewa ba."

"Baba, don Allah ka daina faɗin..."

Ya ɗan yi murmushi ya dubi Sista. "Kin gani ko?"

Na zare hannuna na fita. A bakin ƙofar gida na tarar da masu motar sun jingina da ita suna jirana. Direban ya ce, "Madam, a shigo da gadon?" Na ce su tafi. Ya ce, "Ba a ɗaukar kowa?" Na daka masa tsawar da ba shi ya jawo ta ba, suka loda gadonsu suka bar wurin.

Ban koma ciki ba. Na shiga motata na kira Auta.

"Kai ka kai masa akwatin?"

Ya ce, "Yaya, kin je da safe ke nan."

"Tambayarka na yi."

"Ni ne. Shi ya roƙe ni."

"Kuma kana kallona ina ta haukan neman likita, ba za ka iya buɗe baki ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Yaya, fisabilillahi, wa zai iya gaya miki magana?"

Na kashe wayar. Na so in ji haushinsa sosai, amma abin ya ƙi zama.

Na koma ofis don ban san inda zan nufa ba. Ranar na tura mota ɗauke da siminti inda ake jiran taki, abin da ban taɓa yi ba. Wani tsohon direba ya leƙo ya ce, "Madam, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau. Ina zaune ina kallon allon motoci, amma abin da nake gani shi ne Baba yana ajiye sukudireba. Raina ya ɓaci, kunya ta kama ni, kuma har lokacin wani ɓangare na zuciyata bai gama yarda cewa abin da na gani da safe gaskiya ba ne. Na rantse ba zan je da yamma ba. Tun da barci aka tanadar mini, su riƙe abinsu.

Da aka tashi, sai ga ni a hanyar da na saba.

Wannan karon ban tsaya sayen komai ba. Na ce zan je in zauna kusa da shi kawai, ba zan taɓa labule ba, ba zan girgiza shi ba. In ya yi barcinsa in yi zamana.

A baranda nas ɗin yamma ta tare ni. Na ɗauka za ta ɗaure mini fuska saboda abin da na yi mata, amma sai ta rage murya ta ce, "Anti, bai sha na yamma ba."

"Me ya sa?"

"Ya ce a ɗaga masa na yau, yana da baƙuwa. Sista ta yi masa bayanin yadda zai ji, ya ce ya ji ya gani. Ba ma tilasta wa mutum. Ina nan kusa, in an buƙace ni ga ƙararrawa a jikin gado."

 Na tura ƙofar.

Idonsa biyu. Yana kishingiɗe, an kawar da tebur da rediyon gefe. Mama ta tafi gida. A kan 'yar durowar gefen gado ga ɗan kofin magani, ba a taɓa ba.

Ya ce, "Shigo, Lauya. Yau kotu na zaune, alƙali bai yi barci ba. Gabatar da ƙararki."

Na zauna. Abin da na yi makonni ina roƙon Allah ke nan, ga shi an ba ni. Baba a farke, da yamma, ni da shi kaɗai.

Na ce, "Ba ni da ƙara, Baba."

"Ke? To lalle duniya ta zo ƙarshe." Ya yi 'yar dariya, ta tsinke a tsakiya. "Ba ni labarin motocinki."

Na ba shi labarin simintin da na tura wa masu taki. Ya ji daɗin labarin, har ya sa na maimaita abin da mai gonar ya ce a waya. Shi kuma ya gaya mini abin da ke damun rediyon tsohon, wai wata 'yar waya ce ta saki a ciki, da idonsa na da ne kafin shayi ya huce ya gama. Ya tuna mini ranar da na kai shi ƙara wurin Mama don ya saya wa Auta keke ni bai saya mini ba, na kawo shaidu har da maƙwabta. Na yi dariya, hawaye yana zuba, ban share ba.

Amma ina kallonsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga fanka tana juyawa. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya riƙe numfashi, sannan ya ci gaba kamar ba komai. Hannunsa na dama, wanda ke can ɓangaren bango inda yake zaton ba na gani, ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa. Ƙafafunsa suna ta motsi a ƙarƙashin zane. Wani lokaci wani ɗan sauti yakan kuɓuce masa ta hanci, sai ya mai da shi tari.

Ban taɓa ganin ciwon ba sai ranar. Duk zuwan da nake yi, ko dai yana ɓoye mini shi, ko yana barci. Ashe wannan ne abin da ke zuwar masa kowace yamma. Ashe a cikin wannan nake cewa ya ƙara cokali ɗaya.

Na ce, "Baba, yana ciwo?"

"Kaɗan."

"Baba."

Ya rufe ido. "Sosai, Lauya."

"To me ya sa ka ƙi sha?"

"Kin ce gudunki nake."

Ya Allah. Ko kalma ɗaya ban ce masa ya zauna a farke ba, amma ga shi ya sake ce mini to. Na dubi kofin, na dubi fuskarsa. In ya sha, hirar nan ta ƙare, kuma ba wanda ya yi mini alkawarin za a sake samun irinta. Akwai maganganu cike da bakina da ban faɗa ba. Na so in ce ya ƙara mini ɗan lokaci kaɗan, kaɗan kawai, kuma na san sarai abin da zai amsa.

Na miƙa hannu na danna ƙararrawar.

Nas ɗin ta shigo da sauri. Na ce, "Ki ba shi maganinsa."

Ba ta ɗauki kofin ba. Ta wuce ni ta sunkuya kansa ta ce, "Baba, kana so?"

Ya buɗe ido ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, yana neman wani abu a fuskata.

Na ce, "Ka sha, Baba. Ka yi barcinka. Ina nan."

Ya ce, "To, Lauya."

Ni na tallafi kansa, ita ta ba shi. Ta gyara masa matasai, ta juya shi ɓangaren da ya fi so, ta nuna mini yadda zan jiƙa masa leɓe da auduga in ya bushe, ta fita. Na zagaya ɓangaren bango na ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen gadon ɗaya bayan ɗaya, na sa hannuna a wurin. Da farko matse ni yake har ina jin ƙashina. A hankali riƙon ya fara sassautawa.

Na ɗauka barci ya kwashe shi, sai na ji ya yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Gobe ki zo da safe. Manaja ba ta gani, kullum sai ta zubar mini da noti."

Na ce, "To, Baba."

Numfashinsa ya daidaita, bakinsa ya ɗan buɗe kamar yadda na saba tarar da shi. Labulen a rufe yake, na bar shi a haka. Ban tashe shi ba.